Ƙwayar Uwata da Likitocin Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Uwata, assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan tsohuwata kika ci, ina kuma gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tunda ni na yanka ragon. Allah ya kai ki Doguwa lafiya, ya tsare motarku a hanyar dajin nan, ya sa ki shiga ɗakinki da ƙafar dama, ya sa gidan zamanki ne.

Gobe in gwaggwanninki suka kawo ki gabana don nasiha, na riga na san abin da zan ce. Zan ce ki yi haƙuri, yi na yi, bari na bari. Mata su rangaɗa guɗa, ke ki yi kuka, ni in dubi ƙasa, shi ke nan an fita hakki. Abin da ke raina ba zai faɗu a gaban taro ba, shi ya sa na nemi biro. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da allo da alli tun ina ajin farko-farko na sakandare, hannun ya fi sabawa da bakin buhu.

Kafin komai, ki taya ni gode wa Allah da ya ajiye mu cikin mutane masu ilimi. Na ci kasuwanni da dama a dillancin hatsin nan, daga Bebeji har Tudun Wada, ban ga inda ya kai wajenmu yawan likitoci ba. A kasuwar Ƙafin Maiyaki kaɗai, mai kilishi likita ne, mai facin taya likita ne, ɗan acaɓa kuwa in ya goya ka, kafin ku kai bakin titi ya gano ciwonka ya faɗa maka maganinsa. Ba sa sa ka layi, ba sa yankar maka kati, ba sa ma bukatar ganin mara lafiyar. Abin da ya fi burge ni, ban taɓa jin ɗayansu ya ce bai sani ba. Allah ya saka musu. Ni ɗalibinsu ne na shekaru, kuma takardar shaidar karatun da na yi a wurinsu tana nan a hannunki na hagu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Shekaranjiya ina alwala Ummanku ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ɓare ƙwayoyinta daga kwali ta juye a gwangwanin man shafawa. Ta ce in ta je za ta ɗan dakata da sha har ta saba da gidan, kar a gan ta tana haɗiyar magani safe da yamma." Na ce, "Wa ya koya mata wannan?" Ummanku ta dube ni, ta ɗauki butarta ta wuce. Kin san ta, in ta yi shiru ta fi mai zagi.

To ni na koya miki. Tunda kuwa ni na ɗaura, bari in gwada kwancewa, ko da yake an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskurena na farko ba za ki tuna shi ba, domin lokacin da nake tafka shi ba kya cikin hayyacinki. Kina firamare kika fara faɗuwa. Da hantsi ne, kina tsakar gida kina tsince wake, sai kika sandare, kika kife, jiki ya kama karkarwa, kumfa a baki. Na fito a guje, wata maƙwabciya tana ihu, "Cokali! A sa mata cokali kar ta haɗiye harshe!" Na ɗauko cokali na cusa miki da ƙarfin mai ɗaga buhu. Wannan gefen haƙorin naki na gaba da ya ɓalle, wanda kike rufewa da mayafi in za ki yi dariya, kin taso kina jin wai faɗuwa ce ta karya shi. Ni ne. Ita kuwa maƙwabciyar, tana gama ba da umarni ta kwashe 'ya'yanta, wai kar su taka kumfar su ɗauka.

Daga nan muka shiga yawo. Wannan ya ce a yi hayaƙi, muka turnuƙe ki har kina tari kamar mai shan taba. Wancan ya ce akwai wani mutum a bayan Bagauda, muka je, ya ce aljanar ruwa ce ta gan ki ta so ki, a kawo baƙin zakara. Na kai zakara. Aljana ta ci zakara, ba ta sake ki ba. Ki duba fa, ni ne wanda ya san yadda ake yabon masara mai ƙwari har mai saye ya ji kamar alfarma aka yi masa. Na san muryar mai talla tun kafin ya buɗe baki. Amma na zauna a kan buzun mutumin nan ina gyaɗa kai. Kin san dalili? Iska ta fi daɗin faɗa. Iska baƙuwa ce, an ce ta shiga, ana sa ran ta fita, har jaje ake yi maka. Farfaɗiya kuwa in aka ambace ta a gidanka, ta zauna ke nan a bayan sunanka kamar laƙabi. Ba lafiyarki nake saye a wurin mutumin ba, suna mai sauƙi nake saye wa kaina.

Sai da Ummanku ta ce ko in kai ki asibiti a Kano ko ta ɗauke ki ta hau mota da kanta, sannan na kai ki. Likitar mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ta ce, "Malam, tun yaushe take yi?" Na rage shekarun, yadda ake rage wa sa shekaru a kara, kasuwar dabbobi. Ta ɗaga leɓenki ta dubi haƙorin ta ce, "Wa ya sa mata cokali?" Na ce maƙwabta ne. Ta ce, "To ka gaya wa maƙwabtan, mutum ba ya haɗiye harshensa. A kwantar da ita ta gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kar a danne ta, kar a sa mata komai a baki. In ta daɗe ba ta tsaya ba, ko ta sake yi ba ta farfaɗo ba, a kawo ta asibiti. Kuma ba a ɗauka, ko da kwano ɗaya kuke ci." Ta yi mini bayani cewa abin a ƙwaƙwalwa yake, kamar wayar lantarki da kan yi tartsatsi. Sannan ta rubuta 'yar farar ƙwayar nan mai sunan da ya fi ƙarfin bakina, kabamazafin ko me, ke kin iya karanta shi a kwali. Da farko ta sa ki jiri da barci, har na fara cewa an cuce mu. Jiki ya saba, faɗuwa ta ɗauke.

Abin da nake so ki riƙe a nan, Uwata, addu'a ba ta da abokin gaba. Ki yi azkar ɗinki, ki sha rubutu in an ba ki, ki kora da ƙwayarki. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai ce sai a bayan Bagauda za a same shi ba. Amma duk wanda ya ce sai kin ajiye wannan nasa zai yi aiki, ɗan kasuwa ne, kishiyar haja yake korewa. Na san aikin, sana'ata ce.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi kuwa kin san shi, kina kwana da shi kina tashi da shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba ki faɗi ba. Kin yi ƙiba, kina zuwa makaranta, har kin fara yi mini gyaran lissafi. Ran nan muna zaune a rumfa bayan kasuwa ta lafa, Tanko mai kilishi ya ce, "Garba, wai har yanzu 'yar nan tana shan ƙwayar nan? Haba! Mutum ya warke a yi ta ɗura masa magani, ai hanta sai ta ruɓe." Wani daga gefe ya ce, "Kuma 'ya mace ce fa. Wa zai ɗauki mace da kwalin magani a cikin kayan ɗaki?" Maganar hanta ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta shige ni kamar ƙaya. Zuwa Kano in tambayi likita kuwa, sai na ga ai asarar ranar kasuwa ce, ga likitoci a rumfa kyauta. Na dawo gida na ce wa Ummanku an gama shan magani. Ta ce, "Likitar ce ta ce?" Na ce, "Ni na ce." A lokacin ji nake na yi maganar maza.

Ba a daɗe ba. Kina bakin murhu kina talge, Ummanku tana ɗaki tana sallar la'asar. Kika kife, hannu ya faɗa cikin wuta. Mai lafiya in wuta ta taɓa shi yakan fizge, ke kuwa a wannan hali ba ki san wuta ba, ba ki san ruwa ba. Ba ihu ne ya fito da Ummanku ba, domin ba ki yi ihu ba. Ƙauri ne ya fito da ita.

Ina kasuwa ina rantse wa wani Bayarabe a kan dawa aka zo aka faɗa mini. Ba zan ba ki labarin asibiti ba, ke kika kwanta, ni tsayuwa kawai na yi. Abin da zan ba ki shi ne na Tanko. Ya zo dubiya da ƙullin kilishi, ya zauna, ya girgiza kai ya ce, "Ai Garba da ka tambaye ni. Irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya." Wallahi haka ya ce. Kuma na karɓi kilishin, na ce an gode.

Don haka ki saurare ni. Rashin faɗuwa ba warkewa ba ne, aikin maganin ne kike gani. Kamar mutum ne ya dubi gonakin da ke ƙasan madatsar Bagauda ya ce, tunda ba a ambaliya, me ake da wannan tulin ƙasa, a fasa shi. Ranar da za a rage miki ko a tsayar, in akwai ranar, likita ce za ta faɗa, kuma a hankali za a yi. Ba ni ba, ba mijinki ba, ba ke ba. "Har in saba da gidan" ɗin nan da kika ce, shi ne dai "ni na ce" ɗina ya sa ɗankwali. Kuma babu lokacin da ya fi wannan makon haɗari. Kin kwana biyu ba ki yi barcin kirki ba saboda biki, ga gajiya, ga baƙon wuri, kin kuwa san rashin barci abokin ciwon nan ne. A makon da ya kamata a ƙara wa madatsa ƙasa, a nan kike shirin fasa ta. In ƙawayen amarya sun so hira su yi, ke ki juya musu baya ki kwanta. Azumi in ya zo, ki bi yadda likita ta tsara miki tsakanin sahur da shan ruwa, in ta ce bana ki sha azumin, ki sha, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Murhu kuwa da bakin rijiya, kar ki tsaya musu ke kaɗai don a ce amarya ba ta da son jiki. Kin tsaya wa murhu ke kaɗai sau ɗaya, kin ga abin da ya bar miki.

Kuskure na uku har dariya yake ba ni, irin dariyar da ba ta kai ciki.

Kin tuna shekarar da muƙamuƙina ya tashi? Abu kamar walƙiya, daga gefen kunne ya tsarga zuwa haɓa. In na tauna, ya sare ni. In iska ta taɓa fuskata, ya sare ni. In na buɗe baki zan ce "albarka", ya sare ni kafin in kai ƙarshen kalmar. Ki auna dillalin da ba ya iya magana, ai gara makaho a gidan kallo. Na cire haƙori, lafiyayye, ciwo yana nan. Da na je asibiti aka ce ba haƙori ba ne, jijiya ce. Aka rubuta mini magani, na karɓo na duba, sai ga ƙwayarki. Ita ce dai, kwalin nan da na sa Ummanku take ɓoyewa a ƙasan adaka in an yi baƙi.

Ta yi mini aiki, baki ya dawo. To zo ki ga mahaifinki. Ƙwayar da nake jin kunyar a gan ta a hannunki, ita nake fito da ita daga aljihun gaba a tsakiyar rumfa, in ɗaga, in ce, "Jama'a, wannan ita ce maganin jijiya, daga Kano." Ciwon jijiya ciwon manya ne, ana faɗarsa da tinƙaho. Magani ɗaya, a aljihuna abin nunawa, a hannunki abin ɓoyewa. Nan da nan ni ma na samu rumfata a cikin likitoci.

Kin kuma san al'adarmu, ba a hana magani. Mutum zai iya hana ka aron fartanya, amma ya ce yana da magani ya hana ka, sai a yi da shi har jikoki. Julde, Bafulatanin nan abokina da ke kawo mana man shanu daga rugarsu ta wajen Kiru, ya zo yana dafe da ƙugu ya ce, "Kaɗo, an ce ka zama dokta. Ƙafar nan tana yi mini kamar ana zuba garwashi." Na ce, "Kai da ka sha nono ka ƙoshi, me zai kama ka? Ungo, safe da yamma." Nawa ya kusa ƙarewa, sai na shiga adaka na ɗebo naki, ai duk ɗaya ne. Ya ce, "Miyetti, Allah ya bar zumunci." Na ba wani, na ba wani. Kowa sai ya ce a ɗan sam masa, ni kuwa ina jin daɗin godiya.

Bayan ɗan lokaci aka aiko daga ruga. Na tarar da Julde da zazzaɓi, jiki ya feso da ƙuraje, leɓe ya kwaile, ido ya yi jawur ba ya buɗuwa, fata tana saluɓewa kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti. Likitan da ya karɓe shi ya ce akwai jinin da ba ya karɓar maganin nan sam, shi ya sa ba a ba mutum sai an duba shi, an kuma gargaɗe shi in ya ga ƙuraje ya garzayo. Ya ce, "Wa ya ba shi?" A karo na farko a rayuwata na rasa maƙwabcin da zan laƙa wa. Julde ya tashi, amma har yau idonsa ba ya son rana, kuma har yau yana kawo mana man shanu. Da ya daina gaishe ni da na fi samun sauƙi.

Ke kuma kika buɗe adaka kika ga saura kaɗan, wata bai yi nisa ba. Lokacin kin girma, kin fara koyarwa. Ba ki yi mini rashin kunya ba. Kin durƙusa kika ce, "Baba, kai in ba ka sha ba, zafi za ka ji. Ni in ban sha ba, ban san inda zan farka ba." Kika sa hijabi kika hau motar Kano kika karɓo wani. Na yi shekaru ina cin abinci da baki, ban taɓa jin an rufe ciniki da magana ɗaya irin wannan ba.

To a Doguwa ma akwai masu ciwon ƙafa, akwai masu ciwon ƙugu, kuma ranar da suka ji maganinki yana yi wa jijiya aiki za su zo. Tsohuwa za ta zo, wadda kike jin nauyinta, ta ce, "'Yar nan, ɗan sam mini guda biyu." Ki ba ta goro, ki ba ta turare, ki ba ta zanen da ya fi kyau a akwatinki, ki raka ta asibiti in ta yarda. Ƙwaya kam a'a. In ta ce kin yi rowa, ki ba ta labarin Julde, ki ce mahaifinki ne ya yi, ban hana ki ba. Kuma kar ki bari sai kin ga ƙasan kwali sannan ki nemi wani, Doguwa ba Bebeji ba ce, hanya da nisa. Ki mayar da su cikin kwalinsu. Ƙwayar da aka ɓare aka zuba a gwangwani ba ta da suna, in wani abu ya same ki aka kai ki asibiti, wa zai san me kike sha?

Saura na huɗu, shi ne sabo, bai ma huce ba.

Da baffan angonki Sabi'u ya zo neman aurenki, bayan an gama gaishe-gaishe ya ce, "Malam Garba, babu wata lalura da ya kamata mu sani?" Tambayar al'ada ce, yana yi yana gyara hula. Dillalin kirki ba ya ƙarya tsirara, mai kyau yake sawa a bakin buhu ya bar mai saye da idonsa. Na ce, "Alhamdu lillahi, yarinya tana tsaye da ƙafafunta, kullum tana wurin aiki. Sai ɗan abin da ba a rasa ba." Ya ce, "Ai ɗan Adam ke nan." Aka shafa fatiha. Na fito ina jin na iya. Ke kuma da kika ga ubanki ya rufe, sai kika ɗora naki murfin a kai. Kin yi zance da yaron nan wata da watanni, hannun riga har wuyan hannu.

Da Ummanku ta faɗa mini zancen gwangwani, sai na ga inda dabarata ta nufa. Ta nufi wani murhun ne, a garin da ba Ummanku a ɗaki.

Jiya, kafin a ɗaura, na sa aka kira mini Sabi'u. Ya same ni a bayan rumfa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna yana kallon ƙasa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi Hajiyarsa, na tambayi farashin masara a wajensu, na tambayi hanya. Ni da ake kira in an rasa mai magana, sai ga harshe ya yi mini nauyi ba tare da ciwon jijiya ba. Daga ƙarshe na ce, "Sabi'u, yarinyar nan tana da farfaɗiya. Tana shan magani, ta daɗe ba ta faɗi ba. Tabon hannunta ni na jawo. Na ɓoye wa baffanka. In ka ga ba za ka iya ba, yanzu ne lokacin faɗa, ba wanda zai zarge ka."

Ya gyara tsuguno. Yana ta zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Baba, da wane lokaci da wane lokaci take sha?"

Na faɗa masa. Ya ce, "To." Na ce, "To me?" Ya ce, "To a ɗaura, Baba."

Na san za ki ji haushi na faɗa ba da izininki ba. Ki ji. Gara haushinki da ƙaurin nan, har yau Ummanku ba ta iya tsayawa inda ake babbaka.

Amma kar ki ce an gama, domin da ya tashi zai sa takalmi sai ya juyo ya ce, "Sai dai Baba, a bar Hajiya tukuna. Kar ta ji yanzu." Ni kuma, tsohon hali, na ga an taya kaya da daraja, na ce kar in ja ciniki ya watse. Na ce to. Sai da ya tafi na zauna na yi tunani. Sabi'u fatauci yake, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Wanda ya sani ba ya gida. Wadda ke gida, wadda za ki wuni da ita a tsakar gida ɗaya, wadda za ta ce amarya ta ɗora tukunya, ita ce ba ta sani ba. In abin ya zo, Allah ya kiyaye, ita ce a kanki. Kuma na tabbata akwai cokali a gidan.

Wannan ragowar aikin na bar miki, ba don ya dace ba, sai don ni ƙarfina ya ƙare a nan. Ki lallashi mijinki ku gaya mata, da wuri, ido na ganin ido, kwalin a hannunki. Ga abin da kasuwa ta koya mini, ko da yake ban yi aiki da shi ba: aibin da mai kaya ya faɗa da bakinsa, ɗan ragi yake jawowa, wanda mai saye ya gano da kansa a gida, shi ke dawo da buhu har da zagi. Ki yafe mini misalin, ke ba buhu ba ce, ni ne ban san wani yare ba. Ki gaya mata ba a ɗauka. Ki nuna mata yadda ake kwantar da mutum ta gefe. Ki nuna mata haƙorin, ki ce aikin cokali ne.

Ban yi miki alkawarin za ta ji daɗi ba. Wataƙila ta ware miki kofi. Wataƙila ta ce an cuci ɗanta, kuma a nan tana da gaskiya, ki turo ta wurina, ni na yi. Wataƙila kuma ta ba ki mamaki, tsofaffi sun ga abubuwa. In abin ya ƙi daɗi, ɗakinki na nan ban zuba hatsi a ciki ba. Na fi so ki shigo mini da ƙafafunki ana gulma, da a shigo mini da ke ana salati.

Akwai magana ɗaya da ba ta uba ba ce, Ummanku za ta ƙarasa miki. Ni dai abin da zan ce, in kuna fatan Allah ya kawo rabo, ku je wurin likita tun kafin ya zo, ke da shi, domin akwai abin da ake dubawa a gyara. In kuma ya riga ya zo, kar tsoro ya sa ki ajiye magani da kanki, ki je a duba ki. A nan ne likitocin tsakar gida za su fi yawa, kowace da labarin 'yar ƙanwar wance.

Na gaji, Uwata. Biro ya fi buhu nauyi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma a gidanmu ke kika riƙa hangowa daga ƙasa, ni ina kan rimi ina kallon mutane.

Allah ya tsare ki a zaune da tsaye, ya tsare ki daga wuta da ruwa, ya sa Sabi'u ya riƙe amana, ya sanyaya zuciyar Hajiyarsa a kanki. Allah ya ba ki barci mai daɗi da farkawa a inda kika kwanta. Ki yafe mini haƙori, ki yafe mini hannu. Wassalamu alaikum.

Ɗanki kuma mahaifinki,
Garba Dillali

Af, na manta. Tanko ya ce a gaishe ki, ya ce kuma a gaya miki aure da kansa magani ne, mace in ta shiga ɗakinta irin wannan ciwo barinta yake, ba sai da ƙwaya ba. Na ce za ki ji. Irinsa za ki same su a can ma, ba garin da Allah ya hana su. In sun zo ki shimfiɗa musu tabarma, ki kawo ruwa, ki gode. Sai dai kafin su tashi ki ɗan dubi hannuwansu. Duk cikin likitocin nan namu, wa kika taɓa gani da tabon wuta?